Kwalin magani guda ya hana ni sukuni a Jamus

Ranar Talata na je karɓar maganin hawan jini a wani kantin magani nan Jamus, matar ta ɗauko kwalin ta haska shi da na'ura sai na ga ta dakata. Kwamfuta ta nuna ja. Ta ajiye shi gefe ta ɗauko wani, da na tambaya tace lambar kwalin ba ta yi daidai da abin da ke rumbun bayanansu ba, ƙila kuskure ne kawai amma ba za ta bayar ba sai an bincika.

Wallahi har na koma gida abin na raina. Kusan duk maganin da likita ke rubutawa a nan kwalinsa na da wata 'yar alama mai ɗigo-ɗigo, a cikinta akwai lambar da babu wani kwali mai irinta, da lambar rukunin da aka haɗa shi, da ranar da zai lalace, bakin kwalin kuma a manne ta yadda in an taɓa buɗewa za a gane. Tun Fabrairun 2019 dokar Tarayyar Turai ta wajabta haka, nan suna kiran tsarin securPharm. Takardar likita ma tun Janairun 2024 ta koma ta lantarki, katin inshora kawai zaka miƙa.

Masu bincike kan tafiyar da harkar magunguna yanzu can suka karkata, bin sawun kwali daga masana'anta har hannun mara lafiya, da hango ƙarancin magani kafin ya iso. Jamusawan ma fa ba su tsira ba, lokacin sanyin 2022 iyaye sun yi ta yawo neman maganin zazzaɓin yara na ruwa babu. Amma ƙaranci daban, jabu daban. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan ɗaya cikin 10 na magunguna a ƙasashe masu tasowa ko jabu ne ko mara inganci.

Da na ba wani abokin aikina labarin sai yace ai ku can Najeriya sai dai addu'a. Ya ɓata min rai matuƙa. Nace masa tun 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta kawo tsarin kankare kwali ka tura lamba ta waya a faɗa maka na gaskiya ne ko jabu, shekara 9 kafin naku, kuma da ƙaramar waya mara intanet. Basira muna da ita, riƙewa ce ke gagararmu.

To waye zai riƙe? Cikin 'yan ajinmu da suka karanci haɗa magunguna, masu ƙoƙarin yawanci suna Ingila ko Kanada suna haska kwalayen wasu. Ni ma da nake wannan magana ina nan, mahaifiyata kuma irin maganin nan take sha, duk wata sai na ce a turo min hoton kwalin na duba da ido, don abin da zan iya kenan daga nan.