Sunan Latin ba shi ne shaidar asalin itace ba

Na karanta wani labari da ya ce daga Indiya tsamiya ta zo mana, hujjarsa kuwa ita ce sunanta na kimiyya, Tamarindus indica, to amma ina ganin marubucin ya yi gaggawar yanke hukunci. Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, shi ya rubuta wannan suna a littafinsa Species Plantarum na 1753, kuma a wancan zamani akan laƙaba wa tsiro sunan ƙasar da Turawa suka fara saninsa, ko wadda fatake suke kawo shi daga can, ko da kuwa ba can ce mahaifarsa ba. Larabawa suna ce wa tsamiya tamar hindi, wato dabinon Indiya, ta nan sunan ya shiga littattafan Turai, alhali yawancin masana sun fi karkata ga cewa Afirka ce tushenta.

Haka maɗaci ya zama Khaya senegalensis, sabara kuma Guiera senegalensis, saboda a Sanagal masanan Turai suka fara saninsu, ga shi kuwa sabarar nan ta cika saurukan Katsina da Maraɗi. Aduwa ma, wadda yara suke tsotsa a bakin hanya, an jingina ta ga Masar da sunan Balanites aegyptiaca. Dogon yaro dai, Azadirachta indica, shi kam sunansa bai yi ƙarya ba, domin daga yankin Indiya aka kawo shi. Ƙa'idar masana tsirrai kuwa ba ta yarda a sauya suna don kawai an gano ya saɓa wa asalin tsiron ba.