Ranar da gamji ya koma dodon koɗi

Kun san aikin da Dakta ya ɗora mini a Samaru, na zuba sunayen itatuwan yankinmu a ma'ajiyar bayanai. Tsarin kansa ba shi da laifi, wannan zan tsaya a kai ko a gaban alƙali. Ban yi irin na ɗalibai ba, tebur ɗaya na iyali, ɗaya na jenas (rukunin da ke tsakanin iyali da jinsi), ɗaya na jinsi, wanda da zarar bagaruwa ta zo da ƙananan rassanta irin su adstringens da tomentosa sai a rasa inda za a ajiye su. Tebur ɗaya na yi a manhajar ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL: lamba, suna, mataki, wanda ya raɗa sunan, sai lambar_uwa mai nuna layin da ke samansa. Na ƙara lambar_karɓaɓɓe domin tsofaffin sunaye, yadda mai neman Acacia nilotica zai faɗa kan Vachellia nilotica, mai neman Butyrospermum parkii ya iske kaɗanya a Vitellaria paradoxa. Sunayen Hausa kuwa teburinsu daban, tunda itace ɗaya kan amsa suna biyu, kamar bagaruwa da gabaruwa.

Jerin jenas na sauko da shi daga intanet gaba ɗaya, na dabbobi da na tsirrai, na haɗa kowane jinsi da uwarsa ta hanyar suna.

Ranar nunawa ɗaki ya cika, Farfesa a gaba. Ya ce, "To malam mai kwamfuta, nuna mana zuriyar gamji." Na buga Ficus platyphylla, na saki tambayar WITH RECURSIVE mai hawa daga ɗa zuwa uwa har ƙololuwa. Majigi ya haska bango. Ficus, daidai. Na sama da shi, maimakon Moraceae, iyalin su gamji, sai ga Ficidae. Sai Gastropoda. Sai Mollusca. Sai Animalia.

Tsit. Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa daga ƙasa, a hankali, da ƙarfi, yana bin kowane layi da biro. Da ya kai ƙarshe ya waiwayo: "Wato gamjin nan da muke ajiye mota a ƙarƙashinsa, dodon koɗi ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in duba ɓaure." Ɓaure ma dodon koɗi. Ceɗiya, durumi, duk sun bi shi cikin teku.

Ashe Ficus biyu ne a duniya. Linnaeus ya raɗa wa su ɓaure a 1753, Röding ya raɗa wa wani dodon koɗin teku a 1798, kuma babu wanda ya karya doka, domin kundin raɗa sunan tsirrai daban, na dabbobi daban. Haka Morus yake, itace ne kuma tsuntsun teku ne. Shi kuwa UPDATE mai FROM, umarnin da na haɗa jinsi da uwarsa da shi, in layi biyu suka dace, ba ya ƙorafi, ɗaya kawai yake ɗauka ya yi gaba. Gyaran bai kai minti goma ba: a ƙara ginshiƙin kundi, a hana maimaici a kan suna da maraɗi da kundi a haɗe, a daina haɗa komai da suna tsirara.

Amma mutumin nan mai kula da majigi, kun gane shi, shi ne ya ƙona mini rai. Wanda ko maɓallin kashe na'urar sai an nuna masa, shi ne ya fara dariya har da dukan tebur. Dubu biyun da ya ara tun kafin azumi bai biya ba. Yanzu in na je shan shayi a bakin titi sai ya ɗaga murya, "Injiniya, yau wace bishiya ce ta koma kifi?" Mai shayin ma ya ɗauka, alhali bai san kan zancen ba. Kuma ba kifi ba ne, na gaji da gaya masa.

Dakta dai ya ce a sake nunawa bayan hutu, da wani majigin in an samu.