Saura Kwana Uku Ɗaurin Aure Na Ce Sai Na Yi Webs

Saura kwana uku ɗaurin auren abokina a Gwammaja, kuma ni ne babban abokin ango. Shadda ta fito daga wurin tela, takalmi ya samu, sai zuciya ta raɗa min cewa kai ne ya rage. Na ce webs zan yi, wato kwantaccen gashin nan mai hawa da sauka kamar kwanon rufi.

Na je wurin mai askina a titin gidan Zoo. Ya shafa kaina, ya ce, "Yallaɓai, wannan ba aikin kwana uku ba ne." Ya zayyana min yadda ake yi. Da farko a yi saisaye da kilifa, a maƙala mata matajin roba lamba 1 da rabi ko lamba 2. Lamba 1 takan bar gashi kamar milimita 3, lamba 2 kamar milimita 6, kuma dole kilifar ta bi kwanciyar gashi, in aka tayar da shi an ɓata aiki. A gida kuma sai a tsoma tawul a ruwan ɗumi a ɗora a ka minti 2 ko 3, a lakato man gashi kamar ƙwayar gyaɗa, a murza a tafin hannu ya narke, a shafa. Sannan burushi, minti 15 safe da yamma, kullum daga tsakiyar kai: na gaba zuwa goshi, na gefe ya gangara wajen haɓa, na ƙeya ƙasa. Da dare a ɗaure kai da ƙyalle mai santsi. "In ka dage," in ji shi, "sati 4 zuwa 6 za ka fara gani."

Na yi saisayen, na biya, na fito ina cewa a raina wannan so yake in yi ta zarya shagonsa. Na zarce kasuwar Sabon Gari na sayi ƙaramar robar rilaksa, don na taɓa ji ana cewa in ka shafa kaɗan gashi zai yi laushi ya kwanta da kansa. Gaskiya ne, ana yi. Amma masu yin sun san cewa gajeren gashin namiji minti 5 zuwa 7 ya ishe shi, kuma sai an zagaye goshi, kunnuwa da ƙeya da basilin, domin irin wanda na saya soda ce a ciki, ba ta bambance gashi da fata. Sun kuma san ba a wanke kai ko a sosa shi kwana 2 ko 3 kafin a shafa, saboda maiƙon fatar kai shi ne garkuwa.

Ni kuwa, da tsaftata, sai da na dirje kai da sabulun salo da farce, har yana ƙara. Na tsane, na laɓta rilaksa da bayan cokali kamar mai yaɓe.

Minti 3, na ji kamar tururuwa na yawo. Minti 5, tururuwar ta zama kunama. Na ruga banɗaki na buɗe famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Baho wayam, domin ruwan da ke ciki shi na ƙarar wajen dirje kai. Na leƙa randar Umma, ko na alwala babu. Haka na fito ƙofar gida daga ni sai singileti, kai fari fat, ina ƙwala wa mai ruwa kira, ga shi can ƙarshen layi yana tura kurarsa da jarkoki babu komai a ciki. Yaran layi suka tsaya kallo. Mai shagon maƙwabtanmu ne ya ji tausayina, ya riƙa fasa min fiya wata yana tsiyaya min a ka ina durƙushe bakin kwata. Leda 9 muka kashe, kuma ya rubuta su a littafin bashi kafin in ɗago.

A lokacin rilaksa ta yi kusan minti 20. Kuma ruwa kaɗai ba ya tsayar da aikinta, akwai shamfu na musamman da ake wankewa da shi sau 2 ko 3 ya kashe kaifin sodar. Mai shagon a Sabon Gari ya nuna min shi, na ce ba na bukata. Da na duba madubi, babu webs babu dalilinsa. Gashin ya miƙe sambal ya tsaya cirko-cirko kamar na ɗan tsakon da ruwa ya daka, goshina ya yi ja, bayan kunne ya saluɓe.

Maimakon in haƙura, sai na ce mai zai gyara. Na kwaso basilin cike da yatsu uku, na haɗa da man kaɗanyar Umma, na ƙara man zaitun, na ɗaure da ɗankwalin yayata. Da asuba Umma ta gan ni ta ce, "Kai kuma lafiya? Kamun amarya za ka?"

Ga hunturu ya kankama. Na hau adaidaita sahu daga unguwarmu zuwa titin gidan Zoo kai a buɗe, don in na sa hula zafi nake ji. Mai da yawa ba ya shiga gashi, a sama yake zama, duk ƙurar da ta taso kuma nan take sauka. Kafin mu kai Ƙofar Nassarawa kaina ya koma kamar tsiren da aka barbaɗe da ƙuli.

Mai askin ya daɗe yana kallona. Bai ce "na faɗa maka" ba, wanda ya fi min ciwo. Ya ce gashin da rilaksa ta cinye ba ya komawa, sai dai a kwashe sabo ya fito. Ya cire matajin roba, ya bi kan da kilifa tsirara a hankali yana kauce wa ƙunar, ya ce reza ba za ta hau wannan fatar ba. Yaronsa ya ɗauko sifirit bisa al'ada zai fesa, na riƙe masa hannu na ce, "Ƙanena, don girman Allah." Aka wanke da ruwan ɗumi, aka ce in riƙa shafa basilin kaɗan a wurin da ya saluɓe, kada in ɓantare ɓawon.

Ranar Asabar muka taru a ƙofar masallaci. Na duba jama'a, ango da hula, waliyyai da hula, abokai kowa da zanna bukar ɗinsa. Ko da webs ɗin ya fito, babu mai ganinsa. Tawa hular kuma da sumata aka gwada ta, yanzu da babu gashi sai ta riƙa zamowa tana zama a kan kunnuwa, daidai inda ya saluɓe. Takardar gayyata guda biyu na ninke na cusa a ciki kafin ta tsaya. Ana shafa fatiha ɗaya ta zamo ta faɗo, wani dattijo ya tsinta ya miƙo min, ya ce, "Yaro, ga katinka, adana shi, da shi ake shiga wurin dina."