Shekarar ƙarshe a jami'a: lissafin gida daban, na Ingila daban

A Najeriya, ɗalibin da ya shiga aji huɗu da CGPA (matsakaicin makin da ya tara) 3.10 ya riga ya san inda ya dosa. Tun daga aji ɗaya ake tara makin, don haka ko ya kwashe A a duk kwasa-kwasan da suka rage, da ƙyar ya taɓa 3.60, balle 4.50 na daraja ta ɗaya. A Ingila digirin shekara uku ne, kuma a yawancin jami'o'i makin shekarar farko ba ya shiga lissafi, tsallakewa kawai ake nema. Shekarar ƙarshe ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Ni a ganina wannan ya fi adalci ga wanda ya fara da tangal-tangal, amma wanda ya saba taƙama da tsohon maki zai sha mamaki.

Kundin bincike ne wurin da 'yan gida suka fi tuntuɓe. A Ingila, daga kiredit (ma'aunin nauyin kwas) 120 na shekarar, shi kaɗai yakan ci 30 ko 40, kalmomi wajen 8,000 zuwa 12,000. A gida babi biyar ne, malami ya bi da jan biro, ka gyara ka dawo, a ƙarshe ka tsaya ka kare aikin. A Ingila mai duba aikinka 'yan sa'o'i aka ware masa dominka, galibi babi ɗaya zai karanta, kuma ba zai neme ka ba in ka yi shiru. Sau da yawa babu karewa da baki, abin da ka rubuta shi ke nan.

Sai batun izinin kwamitin ɗa'ar bincike. In za ka raba takardun tambayoyi ko ka yi hira da mutane, dole izinin ya fito tukuna, kuma yakan ɗauki makonni. Bayanan da ka tara kafin nan shara ne. Wanda ya bar neman sai Fabrairu, alhali ana miƙa kundi a Afrilu ko Mayu, ya ɗaure kansa.

Miƙawa ta intanet ce, na'ura ke rubuta lokaci. In wa'adin ƙarfe 12:00 ne, 12:01 latti ne. Wasu jami'o'in su zaftare maki biyar kowace rana, wasu su tsayar da makinka a 40 cikin 100. "Ranka ya daɗe, a taimaka" ba ta aiki. In rashin lafiya ce, fom ake cikewa da takardar likita. Turnitin kuma, manhajar gano satar rubutu, na iya bankaɗo sakin layin da aka kwafo daga kundin wani yayanka.

In ka ga 65, kada ranka ya ɓaci. Daga 70 daraja ta ɗaya ta fara, kuma ba kasafai ake ganin 80 a aikin rubutu ba.