Kafin Oga Ya Manna Takardar Hana ChatGPT a Ofis

Ranar Litinin da ta wuce maigidanmu a wajen aiki ya kira ni ofishinsa, ya ce in rubuta masa sanarwa mai layi biyu a manna a allo: daga yau an haramta amfani da ChatGPT (manhajar nan da ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum) da ire-irensa a duk wani aikin kamfani, wanda aka kama kuma ya kuka da kansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku." Ya kalle ni kamar zai ce layi biyun ne har sai an yi kwana uku, amma dai ya ɗaga mini hannu.

Ba haka kawai ransa ya ɓaci ba. Wani yaro a sashen kuɗi, yaron kirki wallahi, mai ƙwazo, aka ba shi jadawalin albashi ya daidaita. Lissafi ya rikice masa, sai ya kwashe jadawalin gaba ɗaya, sunayen ma'aikata, lambobin asusun banki, abin da kowa ke ɗauka, har da waɗanda ake cire wa bashi duk wata, ya zuba a ChatGPT ya ce ta gyara. Ta kuwa gyara cikin minti ɗaya. Murna ta sa ya zo yana nuna wa akanta yadda abin ya yi kyau. Daga nan magana ta kai sama.

Ni ma da na ji, sai da gabana ya faɗi, don sunana na cikin wannan jadawali. Magana zarar bunu ce, abin da ka tura wa waɗannan manhajoji ya bar hannunka, ya tafi ya zauna a kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa. A nau'in da yawancinmu ke amfani da shi kyauta, kamfanin na iya amfani da hirarka wajen ƙara horar da manhajar, sai dai idan ka shiga saiti ka kashe, kuma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa leƙa wurin? Ba yaron namu ne ya fara ba. A 2023 injiniyoyin Samsung a Koriya ta Kudu sun zuba sirrin aikinsu, har da bayanan wani taron cikin gida, a ChatGPT don ta taya su, kuma a watan Mayun shekarar kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a kwamfutoci da wayoyinsa. To idan injiniyan Samsung ya yi wannan kwaɓar, me za a ce wa yaron da bai cika shekara biyu da gama bautar ƙasa ba, wanda ba a taɓa zaunar da shi an ce masa kada ya yi ba?

Abin da na gaya wa maigida bayan kwana ukun shi ne, hanin ba zai yi aiki a wajenmu ba. Samsung na da iko da na'urorin da ya raba wa ma'aikatansa, zai iya toshe abin da ya ga dama. Mu kuwa rabin aikin ofis a wayar mutum ta kansa ake yinsa, da datar da ya saya da kuɗinsa. Tun 2024 Meta AI, wata manhaja irin ChatGPT, ta shigo cikin WhatsApp a Najeriya, wato cikin manhajar da shi kansa maigida ke turo mana umarni da ƙarfe goma na dare. Wa zai bi mutum cikin aljihunsa? Abin da sanarwar za ta haifar kawai shi ne kowa ya ci gaba da yi a ɓoye. Ku lura da yadda aka gano maganar albashin nan: yaron ne da kansa ya kawo, don bai san laifi ba ne. Ranar da aka manna takardar hani, daga ranar babu wanda zai sake nuna wa kowa komai, kuma ɓarnar da za a yi nan gaba ba za mu ji labarinta ba sai ta fito daga waje.

Don haka maimakon layi biyu, na kai masa shafi ɗaya. Da gangan na tsaya a shafi ɗaya. Wani abokina ya ce me zai sa in wahalar da kaina, ga samfura nan birjik a intanet, in sauko da ɗaya in canja suna. Na duba wasu. Shafi ashirin, talatin, cike da manyan kalmomi irin su gaskiya, adalci da riƙon amana, waɗanda babu mai musunsu, amma babu inda suka gaya wa magatakarda abin da zai yi ranar Alhamis da yamma idan oga na jiran wasiƙa. Irin wannan takardar sa hannu ake yi a kai a jefa a durowa.

Abu na farko a shafin nawa shi ne abin da ba ya shiga. Sunan mutum haɗe da lambar wayarsa ko ta asusunsa, BVN, NIN, albashi, takardar asibiti, farashin da muka yi da dila a asirce, kwangilar da ba a sa wa hannu ba. Na rubuta ma'auni mai sauƙi a ƙasa: duk abin da ba za ka iya karantawa da ƙarfi a teburin mai shayi ba, kada ka zuba shi a manhaja. Idan aikin na buƙatar taimako, cire sunaye, sa na bogi, sannan ka tambaya. Nan ba maganar ladabi kaɗai ba ce. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kafa hukumar NDPC don sa ido, kuma tarar na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe da bayanai, naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin ga ƙanana, duk wanda ya fi yawa. Da na karanta wa maigida wannan wurin ya gyara zama.

Amma inda na fi ɓata lokaci shi ne abin da ke fitowa, don a nan ne nake ganin mutanenmu ba su gane haɗarin ba tukuna. Wannan abu da ake kira ƙirƙirarriyar basira ba kundin ilimi ba ne da ake buɗewa a duba. An horar da shi ne a kan tarin rubutu mai yawan gaske har ya ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Shi ya sa maganarsa ke fita sumul, kuma shi ya sa idan bai san abu ba sai ya tsara wanda ya yi kama da gaskiya, da irin muryar da yake faɗar gaskiyar. Maƙaryacin mutum ko ba komai idonsa zai yi rawa, wannan kuwa ba shi da ido. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York na Amurka suka shigar da takarda kotu a wata ƙara da aka kai kamfanin jirgin sama na Avianca, suka kafa hujja da tsofaffin shari'o'i shida waɗanda ba a taɓa yinsu ba a duniya. ChatGPT ce ta ƙirƙiro su, da sunaye da lambobi. Abin dariyar ma, lauyan ya koma ya tambaye ta ko shari'o'in na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000, ban da zubewar mutunci da ba ta da farashi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Air Canada. Wani mutum kakarsa ta rasu, ya shiga shafin kamfanin ya tambayi manhajar amsa tambayoyinsu game da rangwamen da suke yi wa masu zuwa jana'iza. Ta ce masa ya sayi tikiti, zai iya neman rangwamen daga baya cikin kwana 90. Ashe ƙa'idar kamfanin ba ta yarda da haka ba. Da ya kai ƙara, sai kamfanin ya ce wai manhajar ce ke da alhakin maganarta, kamar wata halitta ce mai zaman kanta. A watan Fabrairun 2024 kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia ta yi watsi da wannan hujja, ta ce a biya shi, dalar Kanada 800 da 'yan kai. Kuɗin ba wani abu ba ne a wajen kamfanin jirgi, amma hukuncin ya rufe ƙofar da mutane da yawa ke shirin bi su tsere.

Ƙofar nan ita na rufe a shafin namu da jimla ɗaya: duk takardar da ta fita da sunanka ko sa hannunka, taka ce, ko da wa ko da me ka rubuta ta. Babu "ai na'ura ce ta ce". Kowane adadi, kwanan wata, suna, sashen doka, sai ka gan shi da idonka a asalin inda yake kafin ya wuce teburinka. Na ƙara abubuwa biyu da samfuran ƙasashen waje ba za su tuna da su ba. Ɗaya, Hausa. Waɗannan manhajoji sun fi ƙarfi a Turanci nesa ba kusa ba, don rubutun Hausa da aka horar da su a kai kaɗan ne. Na sha ganin sanarwar da aka fassara da su, kalmomin duk na Hausa ne amma Bahaushe ba ya magana haka, wani lokacin ma ma'anar ta juye. Idan tallan sabulu ne a yi dariya a wuce, idan kuwa bayanin yadda ake haɗa maganin feshi ne fa? Duk abin da za a fitar wa jama'a da Hausa sai mai jin Hausa ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Na biyu, aya da hadisi. Mu mutane ne masu son buɗe jawabi da rufe shi da nassi, kuma manhajar da ta ƙirƙiro shari'a shida ba za ta ji nauyin jingina wa Bukhari abin da babu shi a ciki ba. Wannan a littafi ake dubawa ko a tambayi malami.

Sai ɓangaren da na san zai jawo mini magana. Yawancin dokokin ofis daga sama suke gangarowa su faɗa kan ƙananan ma'aikata, na sama kuwa ko a jikinsu. Ni na san, kuma kowa a ofis ya sani, jawabin da maigida ya karanta a taron ƙarshen shekara ba shi ya rubuta ba, ba ni na rubuta ba, salon kuma mun gane shi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan. Ban ga laifin hakan ba, jawabin ya yi daɗi. Amma idan za a yi ƙa'ida, to ta hau kan kowa, kuma akwai wuraren da shugabanni ne kaɗai za su iya yin ɓarna a cikinsu. Ɗaukar aiki, ƙarin girma, takardar tuhuma, sallama. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin yadda Amazon ya yi watsi da wata manhajar tantance masu neman aiki da ya gina, bayan an gano tana rage wa mata maki. Ba wanda ya umarce ta. An koyar da ita ne da takardun masu neman aiki na shekara 10, mafi yawansu maza, sai ta ɗauka namiji shi ne ma'auni. Ku kawo wannan gida ku yi tunani: manhajar da ta koyi abin da ake kira kyakkyawar takarda daga rubutun wasu mutane can, yaya za ta auna yarinyar da ta yi makarantar gwamnati a ƙauye, mai kaifin kai amma Turancinta na da rauni? Dokar 2023 da na ambata ta ba mutum 'yancin ƙin yarda a yanke masa hukunci mai nauyi ta hanyar na'ura zalla ba tare da ɗan Adam ya duba ba. Tarayyar Turai ta wuce nan, tun watan Fabrairun 2025 dokarta ta hana amfani da na'urar karantar yanayin zuciyar ma'aikaci a wajen aiki, in ban da dalilin lafiya ko tsaro, ta kuma wajabta wa kamfanoni su ilimantar da ma'aikatansu a kan abin da suke amfani da shi. Ba na cewa mu kwafo dokar Turai. Abin da na ɗauka a ciki shi ne sun gane ma'aikaci ma yana buƙatar kariya daga wannan abu, ba kamfani kaɗai ba.

Na rubuta cewa ba za a yanke wa kowa hukunci a kan aikinsa da abin da manhaja ta faɗa ba, sai mutum mai suna ya duba ya sa hannu, kuma wanda abin ya shafa yana da damar tambayar dalili. Na rubuta cewa idan kamfani na son a yi amfani da ita, ya zaɓi guda ɗaya, ya biya kuɗin nau'in ma'aikatu wanda ba a horar da manhaja da bayanan ciki, ya ware rabin yini a koya wa kowa, har da masu gadi da direbobi, don su ma wayar na hannunsu kuma su ne aka fi turo wa muryar bogi ana cewa oga ne ke magana.

Akwai masu cewa dole duk wanda ya yi amfani da manhaja ya rubuta hakan a ƙasan takarda. Ni ban kai can ba. Wanda ya gyara nahawun wasiƙa ba sai ya yi shela ba, kamar yadda ba ya shelar ya duba ƙamus. Rahoton da za a gina shawara a kansa kuwa, ko aikin da wani ya biya mu kuɗi don ƙwarewarmu, wannan a faɗa. Na san wasunku ba za su yarda da ni a nan ba, kuma ina iya canja ra'ayi.

Layin ƙarshe a shafin shi ne wanda muka fi ja-in-ja a kai. Na ce duk wanda ya yi kuskure ya zuba abin da bai kamata ba, ya kuma kawo kansa a ranar, ba za a ba shi takardar tuhuma ba. Maigida ya ce wannan ai lasisin sakaci ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, da yaron nan ya san kora ke jiransa, da yanzu ni da kai ba mu san albashinmu ya fita ba." Ya yi shiru, ya ɗauki biro ya ja layi a ƙarƙashin wurin, ya ce zai kai wa lauyan kamfani ya gani. Sashen da ya shafi shugabanni kuwa bai ce komai a kansa ba, ya dai karanta shi sau biyu.

Yaron yana nan bakin aikinsa. Na zauna da shi mun goge hirar, mun kashe saitin horarwa, duk da na gaya masa gaskiya cewa gogewa ba ta ba mu tabbacin komai ya dawo. An sanar da ma'aikata abin da ya faru, wasu sun yi fushi, kuma suna da hakki. An sa ranar Laraba mai zuwa za a zauna da shugabannin sassa a kan shafin, akanta ya riga ya ce zai nemi a ƙara hotunan rasit da takardun banki a jerin abubuwan da ba sa shiga, don ya ga wasu sun daina kwafar rubutu sun koma ɗaukar hoto suna turawa.