Ba kullum batir ne ba

Da damina mota za ta ratsa taɓo a wani lungun Rigasa a Kaduna, washegari ta ƙi tashi, sai ka ji mai ita ya ce batir ya mutu, ya nufi kasuwar Panteka sayo sabo. Sau da yawa asarar kuɗi ce kawai, don fantsamar ruwa ba ta cika kashe batir dare ɗaya ba.

A fara sa mitar auna ƙarfin wuta a kan batir. Lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6 in mota a kashe take, in kuma ta tashi, 13.5 zuwa 14.5. Idan lissafin ya fito daidai, a bi baƙar wayar nan da ta taso daga batir ta kama jikin mota. Taɓo kan bushe a kan notinta, tsatsa ta shiga, wuta ta daina wucewa. Mai wayarin da ya san aikinsa zai zare soket-soket na ƙasa. Da ka ga kore-kore a bakin ƙarfen, ka kama ɓarawon. A goge, a busar, a duba fiyus.

Masu feshin inji da ruwa mai ƙarfi kuwa, ƙara tura danshi ciki suke yi. In matatar iska ta jiƙe, kada ma a murɗa makulli.