Keji ya cika, amma mai neman kare sai an bincike shi kamar mai neman aure

Tun watan Yulin 2025, lokacin da gidajen ajiye dabbobi na birnin New York suka dakatar da karɓar karnuka da kyanwoyi saboda waɗanda ke hannunsu sun haura 1,000, ake ta jin kuka iri ɗaya daga masu wannan harka a Amurka: wai mutane sun daina zuwa ɗaukar riƙo, wai tsadar rayuwa ta kashe tausayi. Kafin nan ma, a Afrilun 2024, majalisar birnin Los Angeles ta dakatar da ba da lasisin kiwon karnukan sayarwa saboda nata gidajen sun cika sun batse. Kukan gaskiya ne, amma rabinsa ake yi. Ɗaya rabin da ba su son a taɓo shi ne mutanen da ke zuwa da kuɗinsu da kyakkyawar niyya, a juya su kamar waina, a ƙarshe a sallame su hannu rabbana.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi, inda ake rabon 'yan kyanwa kyauta a kwali har ana roƙon maƙwabta su karɓa, zai iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce. Amma 'yan'uwanmu da ke zaune a unguwannin Bronx da Harlem na New York sun san ba wasa ba ne ranar da yara suka matsa sai an kawo musu mage. Kuma alƙaluman ba na dariya ba ne. A 2024 karnuka da kyanwoyi kimanin miliyan 5.8 ne suka shiga irin waɗannan gidaje a Amurka, aka kuma yi wa sama da 600,000 allurar mutuwa. An samu sauƙi matuƙa idan aka tuna cewa a 1973 ƙiyasin waɗanda ake kashewa ya haura miliyan 13 a shekara. Sai dai ragowar da ake kashewa yau, da yawansu ba ciwo ke kai su ba, rashin wuri ne.

Wuraren iri biyu ne, kuma laifinsu ba ɗaya ba. Akwai gidajen gwamnatin birni ko gunduma, waɗanda a ƙa'ida ke karɓar duk dabbar da aka tsinto ko aka kawo. Su waɗannan, da yake wuta na cin su, sau da yawa katin shaida da kuɗi sun isa mutum ya fita da dabba a ranar. Sannan akwai ƙananan ƙungiyoyin ceto na 'yan sa-kai, waɗanda ke ciro dabbobi daga gidajen gwamnati su rarraba su a gidajen mambobinsu kafin a samu mai riƙo na dindindin. A nan ne aka kafa shingen. Kuma da yake sukan riga kowa kwashe ƙananan karnuka da 'yan kwikwiyo masu farin jini, mai neman irin waɗannan dole ta ƙofarsu zai bi.

Ga yadda abin yake tafiya. Mutum zai ga hoton kare a intanet, ya cika fom mai shafuka da dama. Za a tambaye shi gidan nasa ne ko haya. Idan haya ce, a kawo lambar mai gida ko takardar yarjejeniyar da ta nuna an yarda da dabba. A kawo sunan likitan dabbobin da ya taɓa hulɗa da shi, za a kira a ji ko bai taɓa tsallake riga-kafi ba. A kawo mutum biyu ko uku da za su tsaya masa, wasu ƙungiyoyin ma su ce ban da dangi. Awa nawa karen zai zauna shi kaɗai a rana? Ina zai kwana? Akwai tsakar gida mai katanga, kuma tsawonta nawa? Akwai yara, shekarunsu nawa? Kana da niyyar haihuwa nan gaba? Idan kun rabu da matarka wa zai riƙe karen? Bayan fom sai hira ta waya, bayan hira sai a turo wani ya zo ya zagaya gidan, ya leƙa bayan katanga ya ga ko akwai rami. Waliyyin da zai aurar da 'yarsa ta fari bai cika yin wannan binciken ba. Duk wannan kan ɗauki makonni, kuma mafi yawan waɗanda aka ƙi ba a ma gaya musu dalili. Shiru kawai za su ji, sai su ga an sauya rubutun da ke ƙarƙashin hoton.

A ɗauki sharaɗin katanga, wanda ya fi kowanne kore mutane. Katanga ba ta fita da kare yawo, ba ta ba shi abinci, ba ta kai shi asibiti. Karen da ake buɗe wa ƙofar baya a manta da shi a tsakar gida wuni guda bai kai wanda ke zaune a bene na biyar ana saukowa da shi a igiya safe da yamma jin daɗi ba. Abin da katanga ke aunawa shi ne ko mutum yana da gidan kansa. A New York kuwa kusan kashi biyu cikin uku na mazauna 'yan haya ne. Wato da tambaya guda an share yawancin birni daga layi, sannan a hau Facebook ana kukan ba a samun masu riƙo.

Haka sharaɗin sa'o'in aiki. Wanda ya rubuta gaskiya cewa yana fita ƙarfe takwas ya dawo ƙarfe biyar, an soke shi. To wa zai biya kuɗin abinci da allura idan ba mai aiki ba? Haka sharaɗin likita: wanda bai taɓa riƙe dabba ba ba shi da likitan da zai ambata, sai a ce ba shi da gogewa, kamar mai neman aikin farko da ake tambaya takardar shaidar aikin baya. Matashi ɗan shekara ashirin da ɗaya ya yi ƙuruciya, dattijuwa mai saba'in ta tsufa, wai karen zai iya fin ta tsawon rai, alhali tsohon kare mai son kwanciya ba shi da abokiyar zama da ta fi ta. Abin da fom irin wannan ke koya wa jama'a shi ne ƙarya. Wanda aka ƙi sau biyu ya riga ya gane amsoshin da ake so, a karo na uku zai rubuta su daidai, kuma shi ne zai wuce. Mai gaskiya shi ake kamawa.

Wanda ke shakkar cewa yawancin waɗannan ƙa'idoji al'ada ce kawai aka lulluɓe da rigar ilimi, ya dubi batun kyanwa. A Amurka, ka ce kyanwarka za ta riƙa fita waje, ƙungiyoyi da yawa sun gama da kai: mota za ta take ta, za ta cinye tsuntsaye. A Birtaniya kuwa an daɗe ana hana mutum kyanwa don ba shi da lambun da za ta fita ta sha iska. Kyanwa ɗaya ce, amsar da ta ba ka ita a Landan ita ce za ta hana ka ita a Chicago, kuma kowane ɓangare ya rantse nasa ne jin ƙai.

Sai batun kuɗi, wanda suke karewa da cewa abin da aka samu kyauta ba a ganin darajarsa. Gaskiya ne dabbar da aka ceto tana cin kuɗi: a fiɗiye namiji, a cire wa mace mahaifa, a yi riga-kafin haukan kare da sauran cututtuka, a ba da maganin tsutsa, a cusa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa ƙarƙashin fatar kafaɗa wadda ke ɗauke da lambar gane mai ita. Ba wanda ya ce kada a nemi a mayar da wani abu. Amma da'awar cewa ɗaruruwan daloli ne ke tace mutumin kirki, an gwada ta ta faɗi. A 2009 Emily Weiss ta ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka (ASPCA) da abokiyar aikinta sun wallafa binciken da suka yi a jihar Maine, inda suka kwatanta waɗanda suka biya kuɗi suka ɗauki manyan kyanwoyi da waɗanda aka ba su kyauta, ba su ga bambanci a shaƙuwarsu da dabbobin ba. Tun 2015 tashoshin talabijin na NBC da Telemundo ke jagorantar gangamin shekara-shekara na rage cunkoso, inda ake yafe kuɗin ko a rage shi. A 2015 ɗin ne kuma ƙungiyar jin ƙan dabbobi ta Humane Society ta Amurka ta fitar da jagorar da ke kiran gidajen dabbobi su sauke shingayen nan, su koma hira da mai nema maimakon yi masa jarrabawa. Shekara goma ke nan manyan ƙungiyoyin sun faɗi gaskiya, ƙanana sun toshe kunne.

Za su ce ai suna tsoron mugun da zai ɗauki kare ya kai shi filin faɗan karnuka. Mai wannan sana'a ba zai zauna ya cika shafi shida ya jira baƙo ya zo duba masa gida ba, ga karnuka nan ana bayarwa kyauta a shafukan talla.

Abin da ba sa lissafawa shi ne abin da jira ke yi wa dabba. Kowane kare da ya makale wata uku a gidan ɗan sa-kai ana neman masa gida na aljanna, ya tare gurbin wani da ke keji a gidan gwamnati. Keji kuwa ba ɗakin jira ba ne. Haushi ba dare ba rana, warin maganin wanke ƙasa, fitila a kunne, baƙin fuskoki suna wucewa. Tari yana bin karnuka layi-layi, cutar parvo mai sa amai da gudawar jini tana share 'yan kwikwiyon da ba su gama riga-kafi ba, kyanwoyi kuma damuwa tana tayar musu da mura har ido ya liƙe. Karen da ya shigo yana kaɗa wutsiya, bayan watanni za ka same shi yana zagaye wuri ɗaya, yana tsalle yana dukan ƙofa, yana gwagwiyar ƙarfe har dasashi ya yi jini. Baƙo ya ga haka ya wuce. Sai a rubuta masa a kati cewa yana da matsalar hali, daga nan sunansa ya hau jerin waɗanda za a yi wa allura. Garin neman gira an rasa ido.

Manyan karnuka su suka fi shan wannan ukuba, kuma a nan masu gidajen haya suna da nasu kason. Hukumar gidajen gwamnati ta New York dabba ɗaya take yarda da ita a gida, kare kada ya wuce nauyin fam 25, wato kilo 11 da ɗoriya, kuma ta hana jinsin pit bull da Rottweiler da Doberman ko gaurayensu. Masu gidaje masu zaman kansu da yawa suna karɓar kuɗin ajiya da ƙarin haya kowane wata saboda dabba. Ga shi keji cike yake da manyan karnuka masu faɗin kai da ake yi wa laƙabin pit bull da ido kawai, ba tare da gwajin jini ba. Idan haka ne, mutumin da ya tsallake duk waɗannan ya zo yana cewa a ba shi babban kare, kamata ya yi a shimfiɗa masa tabarma a kawo masa ruwa, ba a hau auna masa katanga da awo ba.

Wanda aka kora kuma ba haƙura yake yi ba. Yara suna gida suna jira. Jihar California ta hana shaguna sayar da karnuka da kyanwoyi da zomayen da aka kiwata don kasuwa tun farkon 2019, jihar New York ta bi sahu a Disamban 2024, amma intanet ba ta rufe ba. Cikin kwana biyu zai samu ɗan kwikwiyo daga wanda ba zai tambaye shi komai ba sai kuɗi, wanda wataƙila uwar tana can a wata rumfa ana ɗirka mata ciki bayan ciki. Ba a fiɗiye shi ba, ba a yi masa allura ba, ba mai kira bayan mako guda ya ji yaya ake ciki. An guje wa gara an tarar da zago, kuma 'ya'yan wannan kwikwiyon ne za su cika keji baɗi.

A ganina tushen abin ba tsoro ba ne, son mallaka ne. Ɗan sa-kan da ya yi jinyar kare ya ba shi madara a kwalba yana ganin babu wanda ya cancance shi, shi ya sa yarjejeniyoyi da yawa ke cewa ƙungiya na da ikon dawowa ta ƙwace dabbar, kuma ba ka da ikon ba wa ko ƙaninka ita. An ga haka ƙarara a Oktoban 2007, lokacin da fitacciyar mai shirin talabijin Ellen DeGeneres ta ba iyalin mai gyara mata gashi wani ɗan kare mai suna Iggy saboda bai jitu da kyanwoyinta ba. Ƙungiyar da ta ba ta shi ta je ta ɗauke shi daga hannun 'yan matan gidan biyu, tana kafa hujja da yarjejeniya da kuma ƙa'idarta ta hana ƙananan karnuka ga gidan da ke da yara 'yan ƙasa da shekara 14. DeGeneres ta fashe da kuka a gaban kyamara, karen bai koma ba. Idan haka aka yi wa mai miliyoyin masu kallo, direban tasi mai lafazin baƙi da ɗaki biyu a Bronx ya san matsayinsa tun kafin ya buɗe fom.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. A rage fom ya koma shafi ɗaya, a duba ko an taɓa kama mutum da laifin cutar da dabba, a zauna da shi a yi magana kan irin dabbar da za ta dace da gidansa, a bar shi ya tafi da ita gwajin mako biyu. Lokacin da ake ɓatawa wajen zagaya gidajen mutane a mayar da shi kiran waya bayan kwana uku da bayan wata ɗaya, don a nan ne matsaloli ke fitowa: fitsari a kafet, haushi da dare, kyanwa ta ɓuya ƙarƙashin gado ta ƙi cin abinci. Idan abin bai yiwu ba a karɓi dabbar ba tare da harara ba. Ta dawo da bayanin yadda take da yara da sauran dabbobi, wanda keji ba zai taɓa nunawa ba. Gidajen gwamnati kuma da ke miƙa wa ƙananan ƙungiyoyi dabbobi kyauta suna da damar tambayar su, a rubuce, mutum nawa suka nema a bara, nawa aka ba, kuma sauran an ƙi su ne saboda me.